Ranar da Inna Ta Zayyana Laifuffukan Yaya

Har yau idan na ji ƙarar usur daga nesa, sai ƙamshin gyaɗar da ake soyawa cikin rairayi ya dawo mini, ko da babu mai suyar gyaɗa a kusa. Tare suka shiga raina a wata ranar kasuwa a Tanut, tare kuma suka zauna. Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciyata, har da waƙoƙin da na riƙa rubutawa ina ganin wata rana duniya za ta rera su. Amma wannan rana kam ba za ta fita daga zuciyata ba muddin ina numfashi.

Mu ƴan Falanko ne. Yayana shi ne ɗan fari a ɗakinmu, ni ke bi masa. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna a gaban mutane cewa ta damu da shi. Kunya ce, kuma ado ce ga mace. Wasu matan suna sassautawa, amma Innarmu ta riƙe tata da hannu bibbiyu. Tun da aka yaye Yaya aka miƙa shi ɗakin Kaka, uwar Babanmu, wadda muke gida ɗaya da ita. Daga nan sunansa a bakin Inna ya koma "ɗan tsohuwa". In ta zuba masa tuwo, ni za ta kira ta ce, "Ke, kai wa mutanen can." In ya gaishe ta da safe, sai ta amsa tana kallon tukunya, kamar tukunyar ce ta yi gaisuwar.

Kaka kuwa ta ɗauke wa kowa aikin yabo. "Angona" take ce masa, irin wasan da kakanni ke yi da jikokinsu maza, kuma ba ta yarda ko ƙuda ya sauka a kansa ba.

Yaya da ƙwallo sai dai a ce Allah ya haɗa. Filinsu na bayan gari yashi ne mai zurfi, mai cinye ƙafa har idon sawu, inda ƙwallo ba ta gudu sai ka je ka same ta. A nan ya koyi tashi da gudu kamar an cire masa nauyi. Ɗan wasan gaba ne, ƙafar hagu yake bugu da ita. Nakan zauna a kan wani kututture da yamma ina kallonsa, rana tana ja a bayansa, inuwarsa ta yi tsawo tana riga shi isa raga. A lokacin ban san dokokin wasan ba. Kyansa kawai nake gani.

Shekarar da abin ya faru ina koleji a Tanut, ina zaune wajen Goggo, ƙanwar Babanmu. Bayan an gama girbi sai labari ya bazu cewa makarantar horar da ƴan ƙwallo ta wata ƙungiya a Damagaram za ta aiko kocinta ya zaɓi yara. Wanda aka ɗauka, za a ba shi wurin kwana da abinci, ya ci gaba da karatu, yana koyon ƙwallo a hannun masana. Rabon da irin wannan ya zo yankinmu na Damargu an daɗe, kuma Yaya yana gab da wuce shekarun da suke ɗauka. Ko wannan karon, ko shi ke nan. Baba kuwa ya bi motar gero zuwa Agadas, wayarsa ba ta shiga.

Ranar ta dace da kasuwa. Da hantsi motar Falanko ta tsaya, Yaya ya diro, ya sauko da Kaka. Sai ga Inna a bayansu tana gyara lulluɓi.

Goggo ta riƙe baki. "Lale! Ke ma kallon ƙwallon kika zo?"

"Wane ƙwallo? Kanwa na zo saye."

"Kanwar ta ƙare a Falanko ne?"

"Ta nan ta fi kyau," in ji Inna, ta wuce ciki.

Ta sayi kanwar kuwa, ta ƙulle a gefen zane. Sannan ta ce ƙafarta ta gaji, tana son inuwa. Inuwar da ta samu duk faɗin Tanut ita ce ta wata bishiyar bedi a bakin filin ƙwallo, inda wata mata ke soya gyaɗa. Ta zauna ta ba filin baya, ta kama hira da mai gyaɗa kamar sun shekara da sanin juna.

Kocin dogon mutum ne mai furfura a gemu, daga ƙasashen bakin teku. Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba, Faransanci yake yi. Ya raba yara gida biyu, ya ba su riguna, ya busa usur.

Da aka fara sai na ga Yaya kamar ba shi ba. Filin Tanut fako ne, ƙwallo tana gudu a kansa kamar an kore ta. Ya taɓa ta, ta tsere. Ya bi ta, ta riga shi fita. Wani saurayi a gefenmu ya ce, "Wannan mai lamba tara daga ƙauye yake, ya zaci jaki yake kora."

Kaka ta juyo da sandarta. "Kai ɗan nan, uwarka ta san ka fito? Ji ƙafafu kamar na zalɓe. Shiga mana mu ga naka."

Mutane suka kwashe da dariya, saurayin ya sulale ya canza wuri.

Bayan an dawo hutu aka sauya gida. A gaban ragar da su Yaya ke kai wa hari akwai wani ɗan kwari inda ruwan damina ya tara yashi. Aka ɗago wata doguwar ƙwallo daga tsakiya. Ƴan baya suka juya da gudu, mai tsaron raga ya ja baya yana jiranta, don kowa ya san a wannan fili ƙwallo ba ta tsayawa. Yaya kaɗai ya rage gudu. Ya ga launin ƙasar, ya gane ƴar garinsu. Ƙwallo ta faɗo cikin yashin ta zauna daram, kamar kaza a kan ƙwai, ƴan baya suka wuce ta fuu. Ya juya a kanta sau ɗaya, ya ɗauke ta da hagu. Ban ga tafiyarta ba, raga kawai na ga ta kumbura.

Fili ya ɗauki ihu. Kaka ta rangaɗa guɗa har sandarta ta faɗi. Na ruga wajen Inna ina haki.

Ba ta juyo ba. "Me suke wa ihu haka?"

"Inna, Yaya ya ci! Ya ci!"

"To wa ya tambaye ki?"

Amma na ga hannunta. Gyaɗar da ke ciki ta zama gari.

Daga nan ƙafarsa ta saki. Ya gane filin, filin ya gane shi. Ya sake ci da ka, ya kuma ba wani yaron Tanut wadda shi ma zai iya bugawa, yaron ya zura. Da aka tashi, koci ya kira yara kaɗan gefe, Yaya na cikinsu.

Sai dai kocin yana da doka guda. Ba ya tafiya da yaro sai uwa ko uba ya tsaya a gabansa, a gaban jama'a, ya ce ɗansa ne kuma ya yarda. Ya faɗi dalili. An taɓa kawo masa yaro, wani mutum ya rantse shi ne kawunsa, ƴan gari suka shaida. Bayan an tafi da yaron sai ga iyayen gaskiya da jandarma, uwar tana kuka. Tun ranar ya yi alkawari ba zai sake ɗaukar maganar kowa ba sai ta wanda ya haifa.

Sauran yaran iyayensu maza suka fito, aka gama nan take. Da aka zo kan Yaya aka ce ubansa ba ya nan, amma ga uwarsa can gindin bedi. Da yake Inna ba za ta yi magana ta bakin tafinta namiji ba, sai aka ce a kira ƴarta mai Faransanci. Haka na tsinci kaina tsakanin mahaifiyata da baƙo, da ƴar Faransancina ta aji, wadda har ranar ba ta taɓa fita waje ta sha iska ba.

Koci ya rusuna ya gaishe ta, ya nuna Yaya. "Tambaye ta, wannan ɗanta ne?"

Na tambaya. Jama'a sun kewaye mu, maza da mata. Inna ta ja lulluɓi ta rufe rabin fuska, ta dubi ƙasa.

"Ni ba ni da ɗa a nan. Ku tambayi tsohuwa."

Na tsaya. In na fassara, na kashe Yaya. In na canza, ga malamin Faransancinmu tsaye a cikin taron yana saurare. Na fassara a hankali kamar mai tafiya a kan ƙaya.

Koci ya ɗaure fuska, ya juya wajen Kaka. "Ke fa, mene ne shi a wajenki?"

Kaka ta buga ƙirji. "Mijina ne! Angona ne, ba ni da wani sai shi."

Wallahi sai da na rufe ido kafin na ce, "Ta ce mijinta ne."

Taro ya fashe. Har mai gyaɗa ta kusa kifar da kaskonta. Koci ya dubi Kaka, ya dubi Yaya, ya dube ni, kamar yana neman wanda ya fi hankali a cikinmu. Na yi ta bayani, malaminmu ya taya ni, wani dattijo ma ya sa baki. Muka ce al'ada ce, ɗan fari ne, wasan kaka da jika ne. Ya saurara da ladabi har muka gama.

"Na ji ku," in ji shi. "Mai yiwuwa gaskiya ce. Amma wancan karon ma kowa ya yi mini bayani, sai uwar yaron kaɗai ban ji ba. Yau ga mace a gabana ta ce ba ta da ɗa a nan. Ba zan ɗauke shi a kan haka ba."

Dariya ta ɗauke. Ya duba rana, ya ce ana jiransu a Gangara kafin la'asar. Direbansa ya ta da mota.

Goggo ta durƙusa kusa da Inna tana raɗa. "Haba, kalma ɗaya ce. Ki ce naki ne. Wa zai zarge ki?" Inna ba ta motsa ba. Ni na san ba taurin kai ba ne. Bakinta ne bai san hanyar kalmar ba. Shekara da shekaru tana zagaye ta, yau a ce ta faɗe ta a tsakiyar kasuwa, ga surukarta, ga maza baƙi. Da a ce mata ta shiga filin ta buga ƙwallon da ya fi mata sauƙi.

Yaya bai roƙi kowa ba. Bai ma dubi wajen Inna ba, don shi ma yana jin kunyarta kamar yadda take jin tasa. Ya cire rigar da aka ba shi mai lamba tara, ya kakkaɓe ta, ya ninke ta da kyau, hannu a kan hannu, ya miƙa wa koci da hannu biyu. Ya ce, "Na gode." Wannan ninkin rigar har yau yana yi mini ciwo in na tuna.

Koci ya sa ƙafa ɗaya a mota.

"Ke," in ji Inna. "Zo nan."

Na matso.

"Gaya wa baƙon nan, tun da ya ga ƙafa ya ruɗe, gara ya san abin da yake shirin kwasa. Yaron nan ba shi da kirki ko kaɗan."

Na ce, "Inna!"

"Faɗa masa na ce."

Na faɗa. Koci ya sauko da ƙafarsa.

Inna ta gyara zama, idonta a kan kaskon gyaɗa, ta fara. "Da farko ba ya tashi da asuba. In ka kira shi har muryarka ta dushe, banza ne. Sai an ja babban yatsansa na ƙafa. Na dama, kada a taɓa na hagun. Sannan maƙaryaci ne a kan ciwo. Ko ƙashinsa ya karye zai ce lafiya lau. In ka ga yana yawan dariya ba dalili, a duba gwiwarsa, tun da ya faɗo daga kan rumbu take tashi in an yi sanyi. Ga tsoron allura, ƙato da shi, sai an rufe masa ido. In ya yi fushi ba ya magana, sai ya ɗauki tsintsiya ya hau shara. A bar shi ya share, in ya gama zai huce."

Ina fassarawa ina tuntuɓe, kalmomi suna ƙare mini, malaminmu yana jefo mini wasu daga baya. Inna ba ta jira ni ba.

"Ci kuwa, Allah ya ba mai dafa muku haƙuri. Ba ya cewa bai ƙoshi ba, sai dai ya yi ta kallon kwanon. Wake yana ɓata masa ciki in ba a sa kanwa ba." Ta kwance gefen zanenta, ta ajiye ƙullin a ƙasa, ta tura shi da yatsa. "Ga wannan, na saya ta yi mini yawa. Na ƙarshe, in ya kwana biyu bai ji muryar gida ba, zazzaɓi ke kama shi. Duk Juma'a in an sauko masallaci a ba shi waya ya kira tsohuwa. In ba haka ba ku za ku sha jinya, ba ruwana."

Na dubi Yaya. Bakinsa a buɗe yake. Shi da ya tashi a ɗakin Kaka, bai taɓa zaton Inna ta san ko da rabin wannan ba. Ashe duk shekarun nan ido ɗaya ne kawai take kallon tukunya da shi.

Koci ya fara murmushi tun daga wajen tsintsiya. Da aka zo kanwa sai ya cire hula. Ya ce, "Gaya mata na yi shekaru ina tambayar iyaye, ban taɓa samun amsa mai tsawon wannan ba. Babu mai sanin wane yatsa ake ja sai wadda ta yi goyo. Saura abu ɗaya. Ta yarda in tafi da shi?"

Inna ta ce, "Ni wace ce da zan yarda ko in ƙi? Mai abu ga ta nan zaune. Amma in an bar shi a gida, rumbun wa zai iya da shi? A tafi da shi mu huta." Muryarta ta sauka. "Allah ya tsare hanya. Allah ya yi wa mai tafiya albarka."

Wannan ban fassara ba. Jama'a suka amsa da amin gaba ɗaya, koci ya gane da kansa. Ya sunkuya ya ɗauki ƙullin kanwa, ya mayar wa Yaya rigarsa. Kaka ta sake guɗa, tana cewa a gaya wa baƙo in ya bari ƴan matan birni suka ƙwace mata miji, har Damagaram za ta bi shi da sanda.

Bayan mako biyu Baba ya dawo, ya raka Yaya Damagaram da kansa. Farkon zuwansa ya sha wuya. Ya daɗe a benci, yana koyon tsayar da ƙwallo a ƙasa mai tauri, yana koyon cewa ɗan gaba ba ya jiran ƙwallo ta zauna masa kullum. Sannu a hankali ya shiga cikin ƙananan, ya fara ci, aka ɗaga shi zuwa na gaba da su. Wata shekara ƴan gaban babbar ƙungiyar suka ji ciwo, aka jefa shi ana gab da tashi, ya farke musu wasan da ka. Daga ranar bai koma wajen yara ba. Har Yamai aka kira shi sansanin matasa. Ranar da muka fara jin sunansa a rediyo, Inna ta ce wa'azi take nema, amma hannunta bai taɓa maɓallin ba har aka tashi.

Juma'a kuwa ba ta taɓa wucewa ba. Abokansa har suna suka sa wa kiran, wai maganin Juma'a, don koci da kansa yake miƙa masa waya kamar mai ba da ƙwayar magani. Kaka ke amsawa, a buɗe murya kowa ya ji. Inna ba ta taɓa karɓar wayar ba. Sai dai kullum a daidai lokacin take samun tsintar wake ko gyaran zogale a bakin ƙofar Kaka.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, so ba harshe ɗaya yake ji ba. Ni da nake ganin sai an zuba shi cikin kalmomi masu daɗi, na ga an faɗe shi da jerin laifuffuka, ya kuma fi duk waƙoƙina kai wa zuci. Tun daga nan, in mutum ya yi shiru ba na saurin cewa babu komai a ransa. Nakan duba abin da ya sani game da kai, da inda yake zama in kana magana.

Bara na je gida wankan jego da nawa ɗan farin. Wata rana jikinsa ya yi zafi, ina zaune a ɗakin Kaka ina jijjiga shi, sai na ce, "Ko dai ya gaji kawunsa ne? Kewar gidan ubansa yake, irin zazzaɓin nan na Yaya."

Kaka ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Wane zazzaɓi? Angona? Yaron da tun bai fi tsayin akuya ba ya bi ƙanin ubanku kiwo har Tenhya, ya yi damina guda cur, da aka je ɗauko shi ya hau bishiya ya ƙi saukowa? Wannan ko ciwon kai bai taɓa yi don kewar gida ba." Ta share hawayen dariya, ta leƙa tsakar gida inda Inna ke daka, ta rage murya. "A waccan daminar, uwarku ce ta kwanta da zazzaɓi. Har ya dawo ba ta tashi ba."